'Yar Tsana Mai Kisa: Me Ya Sa Malami Zai Damu da Finafinan Ban Tsoro Masu Arha?

Gabatarwa

A wata shekara da nake zagayen duba ɗalibanmu masu koyarwar gwaji, na shiga wani aji uku na firamare na tarar ɗalibar da ke koyarwa ta zo da 'yar tsana ta roba domin ta koyar da sunayen sassan jiki. Dabara ce mai kyau, kuma mu muka koya mata ita. Amma tana fito da 'yar tsanar daga jaka sai wani yaro da ke layin gaba ya zabura ya koma bayan aji, ya maƙale a jikin bango yana kuka. Sauran yara suka bushe da dariya suna cewa, "Chucky ne! Chucky ne!" Malamar ta daka masa tsawa, ta ce ya dawo ya zauna ko kuwa ta ɗora masa ita a cinya. Bayan an tashi na tambaye ta ko ta san wane ne Chucky, ta ce ba ta taɓa jin sunan ba. 'Yan aji uku sun san shi, malamarsu ba ta san shi ba.

Wannan ne ya sa nake ganin akwai buƙatar mai shirin zama malami ya san wani abu game da finafinan ban tsoro na 'yan tsana masu kisa, waɗanda akasarinsu ƙananan kamfanoni ne na Amurka da Birtaniya suke shirya su da ɗan jari kaɗan. Ra'ayina shi ne, waɗannan finafinai ba su dace da ƙananan yara ba ko kaɗan, amma sun dace malami ya nazarce su, domin a ƙarƙashin jini da kururuwar da ke cikinsu akwai wani jigo da ya shafi aikinsa kai tsaye, wato halin da yaro kan shiga idan aka bar shi shi kaɗai da tsoronsa, ya faɗa kuma aka ƙi saurarensa.

Taƙaitaccen Tarihi

Wannan nau'i na fim ya daɗe. A shekarar 1945 kamfanin Ealing na Ingila ya fitar da fim mai suna Dead of Night, wanda a cikin labaransa akwai na wani mai wasan sa mutum-mutumi magana, da ya yarda cewa mutum-mutuminsa mai suna Hugo ya fi ƙarfinsa har yana juya shi. A 1963 shirin talabijin na Amurka The Twilight Zone ya nuna labarin wata 'yar tsana mai magana, Talky Tina, da ta ƙulla gaba da wani mutum mai gallaza wa agolarsa, har daga ƙarshe ta zama sanadin faɗuwarsa daga matakala ya mutu. A 1975 kuma tashar ABC ta nuna Trilogy of Terror, wanda kashinsa na ƙarshe bai ƙunshi komai ba sai mace ɗaya, wato Karen Black, da gida ɗaya, da wani ɗan gunki mai haƙora da ke farautarta daga ɗaki zuwa ɗaki.

Bunƙasar nau'in ta zo ne tare da kaset ɗin bidiyo a shekarun 1980. Da shagunan hayar kaset suka yawaita a Amurka, sai ya zamana mai shirya fim ba ya buƙatar gidan silima kafin ya kai hajarsa kasuwa. A 1984 wani Baƙar fata mazaunin Shikago, Chester Turner, ya ɗauki Black Devil Doll from Hell da kyamarar bidiyo irin ta gida, shi ya rubuta, shi ya ba da umarni, shi ya tsara kiɗan. Fim ne mai rauni da batsa, amma ya nuna cewa ƙofa ta buɗe ga kowa. Wanda ya san yadda finafinan Hausa na bidiyo suka fara da Turmin Danya a Kano a 1990 zai gane wannan yanayi, domin na'ura ɗaya ce ta buɗe ƙofofin biyu.

Mutumin da ya fi kowa cin moriyar wannan kasuwa shi ne Charles Band. Kamfaninsa na Empire ne ya shirya Dolls, wanda Stuart Gordon ya ba da umarni aka ɗauka a Italiya, ya fito a 1987. Da Empire ya durƙushe sai Band ya kafa Full Moon, ya fitar da Puppet Master a 1989 kai tsaye a kaset, da kuɗin da ba su kai dala miliyan 1 ba. Labarin wani tsoho ne, Andre Toulon, da ya san sirrin rayar da 'yan tsanarsa. Fim ɗin ya samu karɓuwa har aka yi masa ci gaba sama da 10. A tsakanin waɗannan biyu ne, a 1988, aka fitar da Child's Play, inda Chucky ya fara bayyana. Shi wannan da hannun babban kamfani a ciki, an kashe masa kimanin dala miliyan 9, ya kuma kawo sama da miliyan 40. Daga nan kwaikwayo ya bazu har Indiya, inda Mahesh Kothare ya shirya Zapatlela da harshen Marathi a 1993. A Birtaniya ma, Andrew Jones na yankin Wales ya fitar da Robert a 2015, ya bi shi da wasu da dama, duk da ƙaramin jari.

Dalilin da Ya Sa Mai Ƙaramin Jari Ke Son 'Yar Tsana

Wanda ba shi da kuɗin ɗaukar fitaccen jarumi dole ya nemi abin da zai maye gurbinsa. 'Yar tsana ta cika wannan gurbi fiye da yadda ake zato. Ba ta tsufa, ba ta neman ƙarin albashi, ba ta ƙin fitowa a kashi na biyu ko na biyar. Hotonta kaɗai a bangon kaset, riƙe da wuƙa tana murmushi, ya isa ya bayyana wa mai saye abin da zai gani. Labarin kuma ba ya buƙatar fili mai faɗi ko taron jama'a: gida ɗaya, 'yan wasa biyar ko shida, da dare mai ruwan sama sun wadatar. Idan fim ɗin ya karɓu, sai a ƙera 'yar tsanar da yawa a sayar wa masu sha'awa, riba ta zama biyu.

Ƙarancin kuɗi ya kuma tilasta wa masu wannan sana'a wasu dabaru da ya kamata malami ya sani, domin sanin su shi ne rabin maganin tsoron. Dabara ta farko ita ce a sauke kyamara ƙasa daidai idon sawu a riƙa gudu da ita, mai kallo ya ɗauka yana gani ne da idon 'yar tsanar, alhali ba a nuna ta ba sam. Ta biyu ita ce yankan hoto: a nuna ta zaune a kujera, a juya ga fuskar mutum, a dawo a tarar kujerar wayam. Babu abin da ya motsa sai hannun ma'aikacin da ya ɗauke ta. Ta uku ita ce ɗaukar hoto ɗaya-ɗaya, wato a ɗan gusa hannun 'yar tsanar a ɗauki hoto, a sake gusawa a sake ɗauka, sai an tara hotuna 24 kafin a sami motsin daƙiƙa ɗaya. Da wannan hanya David Allen ya rayar da 'yan tsanar Puppet Master. Akwai kuma amfani da sanduna da wayoyi da ake ja daga bayan fage. A Child's Play mutane da dama ne suke sarrafa fuska da hannuwan Chucky a lokaci guda, a wasu wuraren kuma wani gajeren ɗan wasa mai suna Ed Gale ne ya sa kayan Chucky, aka gina masa ɗaki da manyan kujeru domin a gan shi ƙarami. Sauran aikin kuwa na sauti ne: kiɗa mai taushi irin na lallashin jariri, da takun 'yan ƙananan ƙafafu, da shiru mai tsawo wanda ƙara ke biyo baya.

Ina ganin talaucin nan ya amfani nau'in ta wata fuska. Wanda ba shi da kuɗin nuna komai sai ya bar mai kallo ya cike gurbin da tunaninsa, kuma abin da zuciya ta ƙago ya fi abin da ido ya gani firgitarwa. Manyan kamfanoni ma sun gane haka, shi ya sa Annabelle na 2014 da aka kashe wa kimanin dala miliyan 6 da rabi ya kawo sama da miliyan 250, alhali a kusan dukkan fim ɗin 'yar tsanar tana zaune ne ko tana kwance.

Daga Ina Tsoron Yake Fitowa?

Masana halayyar ɗan Adam sun daɗe suna tambayar dalilin da ya sa abu marar rai mai kama da mutum kan sa tsikar jiki ta tashi. A 1906 wani likita Bajamushe, Ernst Jentsch, ya ce asalin abin shi ne kokwanto: mutum ya rasa tabbacin ko abin da ke gabansa mai rai ne ko marar rai. A 1919 Sigmund Freud ya yi rubutu a kan wannan batu, ya kawo wata lura mai muhimmanci, cewa yara ba sa tsoron 'yan tsanarsu su rayu, hasali ma sukan yi fatan hakan. A ganinsa abin da ya fi tayar da hankali shi ne wanda aka saba da shi a gida, sai kwatsam ya juye ya zama baƙo. A 1970 kuma wani masanin ƙera mutum-mutumi na Japan, Masahiro Mori, ya yi hasashen cewa ƙaunar da mutane ke yi wa mutum-mutumi tana ƙaruwa gwargwadon kamarsa da mutum, amma idan kamar ta yi kusa ƙwarai ba ta cika ba, sai ƙaunar ta faɗi ta koma ƙyama. Idon 'yar tsana da ba ya ƙiftawa da murmushinta da ba ya gushewa suna cikin wannan rami.

Ɗalibin ilimin koyarwa zai tuna da abin da Jean Piaget ya bayyana tun 1926, cewa ƙananan yara sukan ɗauki abubuwa marasa rai a matsayin masu rai da nufi, musamman a tsakanin shekara 2 zuwa 7. Yarinyar da ke goya 'yar tsanarta ta kara ko ta tsumma, tana yi mata wanka tana ba ta abinci, tana koyon tausayi ne da renon na ƙasa. Fim ɗin 'yar tsana mai kisa yakan kama wannan kyakkyawar ɗabi'a ya juya ta. Babba ya san roba ce, saboda haka yakan firgita na ɗan lokaci ya yi dariya. Yaro kuwa ya riga ya yarda tana da rai, fim ɗin ƙara masa bayani kawai ya yi cewa tana da mugun nufi.

Yaron da Ba a Yarda da Maganarsa Ba

A nan ne nake ganin darasin malami yake. Mu dubi labarin Child's Play. Wani mai kisan kai, Charles Lee Ray, da ɗan sanda ya harbe a shagon kayan wasa a Shikago, ya yi tsafi ya mayar da ransa cikin wata 'yar tsana. Karen Barclay, wadda mijinta ya rasu, tana aiki a kanti tana renon ɗanta Andy mai shekara 6. Talla a talabijin ta sa Andy ƙulafucin wannan 'yar tsana, uwar kuma ba ta da kuɗin ta kanti, sai ta sayi mai arha a hannun wani ɗan tireda a lungu. Da aka fara mutuwa, Andy ya gaya wa kowa cewa Chucky ne. Uwarsa ba ta yarda ba, ɗan sanda bai yarda ba, likita bai yarda ba, har aka tsare yaron a asibitin masu taɓin hankali. Sai da uwar ta ɗaga kwalin 'yar tsanar batura suka faɗo, ta gane cewa tun ranar farko tana magana ne ba batir a jikinta, sannan gaskiyar yaron ta bayyana. Marubucin labarin, Don Mancini, ya sha bayyana cewa ya so ya soki yadda masu talla ke farautar yara ne, a zamanin da iyaye a Amurka suka yi ta turmutsitsi a kantuna a 1983 domin sayen 'yan tsanar Cabbage Patch.

Fim ɗin Dolls ya fi fito da abin fili. Wata yarinya, Judy, tana tafiya da mahaifinta da matar ubanta waɗanda ba sa ƙaunarta, hadari ya tilasta musu fakewa a gidan wasu tsofaffi masu ƙera 'yan tsana. Judy ta ga 'yan tsanar suna motsi, ta faɗa, aka ƙaryata ta. Mutum ɗaya ne ya saurare ta, wani bawan Allah mai suna Ralph. Kafin gari ya waye azzalumai duka sun gamu da sakamakonsu, uban ma an mayar da shi 'yar tsana, Judy da Ralph kaɗai suka fita lafiya. Duk wanda ya tashi da tatsuniyar 'yar bora da 'yar mowa ya san wannan zubi: marainiya, matar uba, baƙon gida, tsohuwa mai sihiri, da sakayya daidai da hali.

Har finafinan baya-bayan nan ba su bar wannan jigo ba, sun dai musanya tsafi da na'ura. A M3GAN, wanda ya shiga gidajen silima a farkon 2023, wata injiniya ce ta gaji riƙon 'yar 'yar'uwarta marainiya, ba ta da lokacinta, sai ta miƙa renon ga mutum-mutumi mai kwamfuta a ciki. Ba duka wannan ne almara ba, domin a watan Fabrairun 2017 hukumar sadarwa ta Jamus ta haramta sayar da wata 'yar tsana mai suna My Friend Cayla, saboda tana da makirfo da ke haɗuwa da intanet wanda baƙo zai iya amfani da shi ya saurari yaro.

Idan aka tattara waɗannan labarai za a ga abu guda: kafin 'yar tsana ta ɗauki wuƙa, akwai babban da ya riga ya bar wurinsa. Ko dai aiki ya ɗauke shi, ko ƙiyayya, ko kuwa ya raina maganar yaro. Malamin da ya fahimci wannan zai tuna cewa a rayuwa ta zahiri ma yara sukan kawo ƙarar abin da babba ke ganin ba zai yiwu ba, kuma sau da yawa wanda suke ƙara a kansa na gida ne, mai fara'a, wanda kowa ya amince da shi. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

Tsakanin Dodo da Chucky

Wani zai ce, ai mu ma mun tashi da Dodo da mayu da aljanu a tatsuniya, ba abin da ya same mu. Gaskiya ne tsoro yana da gurbi a tarbiyya da adabi, amma akwai bambanci uku da ya kamata a lura da su. Na farko, mai ba da tatsuniya tana ganin fuskar masu saurarenta. Idan ta ga jikanta ya ƙanƙame ta sai ta sassauta, ko ta sa Gizo ya yi wautar da za a yi dariya. Waya ba ta ganin fuskar kowa. Na biyu, tatsuniya tana da mabuɗi da marufi. Da an ce "ga ta nan, ga ta nanku" yaro ya san an shiga duniyar ƙirƙira, da an ce "ƙurunƙus" ya san an fito. Fim ɗin 'yar tsana kuwa da gangan yake ƙin rufewa: bayan an ƙone ta an farfasa ta, sai a nuna idonta ya buɗe, domin mai jari yana shirin kashi na biyu. Na uku, Dodo yana daji ne ko cikin ruwa, yaro ya shigo gida ya tsira. Hausawa sun ce tsoro na daji, kunya na gida. Waɗannan finafinai sukan ɗauko tsoron su ajiye shi a kan shimfiɗar yaro, inda ba shi da wurin gudu.

Abin da Masu Suka Ke Faɗa

Masu cewa a nisanci waɗannan finafinai gaba ɗaya suna da hujjoji masu ƙarfi. Da yawa daga cikinsu cike suke da zubar da jini da ashar da tsiraici, kuma a ƙasashen da aka yi su ma an kasa su a rukunin na manya. Mafi yawansu maimaici ne marar fasaha. Bugu da ƙari, sukan jingina mugunta ga al'adun wasu. Tsafin da Chucky ya yi an danganta shi da addinin Budu na Haiti, mai asali daga Afirka ta Yamma, ɗan gunkin Trilogy of Terror kuma an laƙaba shi ga ƙabilar Zuni ta Amurka, alhali bai yi kama da sassaƙensu ba. Ya kamata ɗalibi ya iya gane irin wannan ɓatanci idan ya gan shi.

Inda na rabu da masu suka shi ne wurin ɗora wa fim laifin da ba a tabbatar ba. A watan Fabrairun 1993 wasu yara biyu 'yan shekara 10 suka sace wani yaro ɗan shekara 2, James Bulger, kusa da Liverpool a Ingila, suka kashe shi. Alƙalin da ya yi shari'ar ya nuna zargin cewa kallon finafinan ta'asa na iya zama wani ɓangare na dalili, jaridu kuma suka yi caa a kan Child's Play 3. Amma 'yan sandan da suka yi binciken sun ce ba su sami shaidar cewa yaran sun kalli fim ɗin ba. Duk da haka aka tsaurara dokar tace bidiyo a 1994. Ya fi sauƙi a ƙona kaset a kan a binciki halin da gidajen yaran ke ciki. Haka nan gwaje-gwajen Albert Bandura na 1961 da 1963 sun nuna cewa yara kan kwaikwayi dukan da suka ga babba yana yi wa wata 'yar tsana mai iska, ko a zahiri ko a fim, amma dukan roba a ɗakin gwaji daban, kisan kai daban. Illar da na fi gani da idona ita ce wadda ba ta shiga jarida: firgita cikin barci, ƙin kwana shi kaɗai, fitsarin kwance, da gyangyaɗi a aji.

Akwai kuma masu wuce gona da iri su ce a raba yara da 'yar tsana ɗungurungum. Wannan ma kuskure ne. Ya tabbata a cikin Sahihul Bukhari cewa Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, ta yi wasa da 'yan tsana tare da ƙawayenta a gidan Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Wasan 'yar tsana makaranta ce ta farko ga yarinya, bai kamata wani fim ya ƙwace mata shi ba.

Aikin da Ke Gaban Malami

Akwai Hukumar Tace Finafinai ta Ƙasa tun 1993, Jihar Kano ma ta kafa tata a 2001, amma fim ɗin da yayan yaro ya turo a waya ya kalla a ɗaki da dare, ƙanensa na leƙe ta kafaɗarsa, babu hukumar da ta gan shi. Saboda haka nauyin ya dawo kan iyaye da malamai.

Abu na farko shi ne malami ya saurara. Idan yaro ya nuna tsoro kada a yi masa dariya, kada a bari aji ya yi masa, kada kuma a mayar da abin tsoron bulala. Binciken Joanne Cantor ta Jami'ar Wisconsin a Amurka ya nuna cewa kamannin abu ne ya fi firgita ƙananan yara, kuma faɗa musu cewa ba gaskiya ba ne bai cika yi musu amfani ba, sai dai a jawo su jiki, a ɗauke hankalinsu, a saba musu da abin sannu a hankali. Bayani ya fi amfanar waɗanda suka ɗan tasa. Don haka ga ɗan firamare, a bar shi ya kalli 'yar tsanar daga nesa, gobe ya taɓa ta, jibi ya haɗa tasa da kara da tsumma da hannunsa. Abin da yaro ya ƙera da kansa ba ya tsoronsa.

Ga ɗaliban sakandare kuwa, waɗanda da yawansu sun riga sun kalla, malamin adabi yana da dama babba ba tare da ya nuna fim ɗin a aji ba. Yana iya sa su ba da labarin da bakinsu, su fitar da jigo da zubi da taurari, su kwatanta shi da tatsuniyar da suka sani. Yana iya bayyana musu dabarun kyamara da sauti da aka ambata a baya, ya tambaye su wa ke cin riba idan labarin ya ƙi ƙarewa. Ɗalibin da ya koyi tambayar yadda aka haɗa abin da yake kallo ya sami makamin da zai yi masa amfani a kan talla da farfaganda da labaran ƙarya. Daga ƙarshe, malami ya kai maganar taron iyaye da malamai, ya faɗe ta a sauƙaƙe: hoton 'yar tsana a kan fim ba ya nufin na yara ne, kuma wayar babba ba abin renon yaro ba ce.

Kammalawa

Finafinan 'yan tsana masu kisa haja ce ta kasuwa, an yi yawancinsu da gaggawa domin a mayar da jari. Ba na kira ga kowa ya ƙaunace su. Abin da nake cewa shi ne rashin sani ya fi dare duhu, kuma malamin da bai san abin da ɗalibansa ke kallo ba zai yi ta hukunta tsoro yana zaton taurin kai ne. Ɗalibar nan da na ambata a farko ta koma ajin bayan kwana biyu da kara da tsummoki da zare, ta sa kowane yaro ya haɗa 'yar tsanarsa kafin a ci gaba da darasin sassan jiki. Yaron da ya gudu ya haɗa tasa, ya nuna kanta da hannuwanta da ƙafafunta, ya faɗi sunayensu daidai.

Tambayoyi

1. Kawo dalilai uku da suka sa masu ƙaramin jari suka fi son shirya fim a kan 'yar tsana.
2. Yi bayanin bambancin da marubucin ya kawo tsakanin tsoron tatsuniya da tsoron fim. Ka yarda da shi? Kafa hujja.
3. Ta yaya ra'ayin Piaget ya taimaka wajen fahimtar halin yaron da aka ambata a gabatarwa?
4. Zaɓi tatsuniya ɗaya da ka sani mai marainiya a ciki, ka kwatanta zubinta da na fim ɗin Dolls.
5. Tsara matakan da za ka ɗauka idan irin wannan lamari ya faru a ajinka.